Gaisuwar Surukina A Kan Keken Hawan Dutse

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara fita da keken hawan dutse ba.

Likita ne ya jawo mini. Ya dubi tumbina, ya ce in riƙa motsa jiki. Wani da tattaki zai fara; ni kuwa sai na nufi 'yan gwanjo na ɗauko keke mai giya goma sha takwas (har yau uku kawai na san amfaninsu). Tun ban hau shi ba na kai wa mai gyaran keke a Badarawa, ya cire tayoyin ya sa masu kauri, masu ƙurji kamar bayan kada. Na sayi hular kwano da gajeren wando. Sannan na sa ya liƙa wa feda bel ɗin da ake ɗaure ƙafa da shi, don kada ta zame a kan duwatsu. A mujallar wani abokin aikina na gani.

Da hantsi na ɗaure ƙafafuna tamau, na nufi duwatsun bayan Mando. Surukina a Kurmin Mashi yake, babban malami ne, kuma shekara shida ke nan ina ƙoƙarin ya ɗauke ni mutum mai natsuwa. Na yi niyyar kauce wa layinsu saboda wandon nan, sai na tarar an tare ɗaya hanyar ana ɗaurin aure.

Ina shan kwana na hango shi a ƙofar gida kan tabarma, da dattawa huɗu, littattafai a buɗe. Mun haɗa ido. Ba damar wucewa.

Na taka birki, keke ya tsaya cak. Na ɗaga ƙafar dama, ta ƙi. Na gwada ta hagu, ita ma haka.

Ban faɗi da sauri ba. A hankali na tafi, kamar an sare gwanda, har na sauka a kan takalmansu. Ina kwance a gefe guda, hannuwa a kan kan keke, ƙafafu a feda, tayar gaba tana ta juyawa. Da na rasa abin yi sai na ce, "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau," in ji shi. "Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya wajen aikin?"

Duk na amsa daga kwance. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Wani dattijo ya gyara tabarau, ya leƙa ƙafafuna. "Subhanallahi! Yaro, wa ya ɗaure ka?"

"Ni ne, Malam."

Surukina ya rufe littafinsa, ya sunkuya ya kwance bel ɗin da hannunsa, ya ce, "Allah ya yi albarka. Amma nan gaba, tsugunno ma ya wadatar."

Ranar ko dutsen ban gani ba. Tura keken na yi har gida.

Daga baya na iya hawan, har ina koya wa wasu. Amma tun daga ranar, duk abin da zan shiga, sai na fara koyon yadda ake fita daga cikinsa, kuma a tsakar gidana, ƙofa a kulle.