Injinku Ya Tara Mana Raƙuman Damargu a Bayan Ɗaki

Ƴan uwa na Fesbuk, sannunku da zafi. Masu tambayata a wasap me ya sa kwanan nan duk hoton da na ɗora sai an ga raƙumi a bayana, a'a, ba makiyayi na samu ba, ku kwantar da hankalinku. Ga wasiƙa nan. Ku karanta ku yi ta turawa har ta kai ga mai ita, don lambar wayar kamfaninsu ta daina shiga.

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Mushe Darakta na Sosiyete Ruwan Laushi, Damagaram.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya sanyin ofis? Ranka ya daɗe, sunana Rahinatu, daga Tanut. A sankiyam, aji biyu na sakandare, na tsaya da lakkwal, in ka ga kure a rubutuna ka yi haƙuri, kamar yadda mu ma muke ta haƙuri da naku.

Ni ce na ga tallar injinku mai tausasa ruwa a waya. Ka san ruwanmu: sabulu ba ya kumfa, gashi sai karyewa, butar shayi ta yi farin abu kamar alli. Wata uku ina bin Babanmu da bidiyo har ya gaji ya saya. Yanzu ya rantse, ranar da bangon ɗakina ya faɗi, injin zai bar gidan, wayata ma ta bi shi, tunda ita ta jawo. Bangon nan na ƙasa ne, kakanmu ya gina da hannunsa. Yadda injin ruwa ya kai ga cin bango, shi ne zan kawo maka cikin ladabi.

Na ɗaya. A kwalinku an rubuta eau douce. Kakata Inna Balki ta ce in fassara mata, na ce ruwa mai zaƙi. Ta yi murna, ta ce an huta da sa sukari a kunu. Sai ga ma'aikacinku yana juye buhun gishiri a ciki. Ranka ya daɗe, a wace ƙasa ake neman zaƙi da gishiri? Har yau Inna ta ce ko dai ni ban iya faransanci ba, ko ku ba ku iya girki ba. Wannan ƙarami ne, na faɗa ne don ka san mutuncina ya fara taɓuwa tun ranar farko.

Na biyu. Gaskiya ruwan ya yi laushi, Allah ya saka. Gashina ya dawo, ƙawayena sun shaida. Amma me ya sa a bidiyon ba a nuna cewa injin yana wanke cikinsa duk bayan kwana uku, ya amayo ruwan gishiri ta tiyo ba? Yarinyar tallar tana ta murmushi tana shafa kai. Ita ina take zubar da nata?

Na uku. Ma'aikacinku ya sa tiyon a fos ɗinmu, wato shaddar zamani ta siminti da Baba ke alfahari da ita a unguwa, ya hau mota ya tafi. Bayan wata biyu gidanmu ya fara wani irin ƙamshi da ladabi ya hana ni bayyanawa. Maƙwabta suka koma gaishe mu daga nesa. Muka kira Ɗanmalam mai gyaran famfo. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce a cikin fos akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar, kuma a ganinsa gishirinku ya gama da su. Inna ta ce ashe shekara shida muna da ma'aikata a gidan nan ba mu taɓa ce musu sannu ba, sai da suka mutu muka ji labarinsu. Shin ta'aziyyar wurinku za mu zo, ko ku za ku zo wurinmu?

Na huɗu. Ɗanmalam ya cire tiyon ya kai gindin zogalen Inna, ya ce ai ruwa ruwa ne. Kwana tara zogalen ya yi ya bushe. Ba zan ƙara komai ba, har yanzu ba ta yi min magana sosai.

Na biyar, kuma nan ne nake roƙon ka gyara zama. Da muka rasa wuri, aka huda bango aka fitar da tiyon bayan ɗakina, wajen hanyar da dabbobi ke bi zuwa kasuwa. Ruwan ya jiƙa gindin bangon, rana ta busar, gishiri ya fito fari fat. Ranka ya daɗe, ko injiniyoyinku sun taɓa zuwa Damargu? A nan mutum yakan kora garke tafiyar kwanaki don dabbobinsa su lashi gishiri. Ku kuma kun kawo musu shi bakin hanya, kyauta.

Akuya ɗaya ce ta fara. Ban san wane gurup na wasap suke da shi ba, amma kafin sati labari ya kai Tarka. Tumaki, jakuna, sai raƙuma. Ranar kasuwa layi suke yi. Ina kwance da rana ina kallon waya sai in ji ƙarar harshe a bango, karaf karaf, kamar ana kankare tukunya. Wani dattijo mai raƙuma, Malam Zakari daga wajen Tenhiya, har sallama ya yi ya gode wa Baba, ya ce tunda yake kiwo bai ga gida mai albarka irin namu ba, ya kawo mana cuku. Baba ya karɓi cukun, ya juyo ya kalle ni. Kallon nan har yanzu yana cikin jikina.

Bangon da kaurinsa ya kai kamu ɗaya, yanzu in na ƙwanƙwasa daga ciki, raƙumi na ji daga waje. Na sa ƙaya, sun cinye ƙayar suka ci gaba. Ga damina ta kusa.

Don haka, Mai Girma, tambayata guda ce tak. Fos ba ta so, zogale bai so, bango yana ƙarewa. Ina za mu zubar da ruwan nan? Takardar da ke cikin kwali shafi arba'in ce, har da yaren Sin, amma babu layi ɗaya a kan raƙumi. In amsar tana wurinku, ku turo mutum kafin ruwan farko. In babu, ku gyara tallar, ku sayar wa makiyaya, wallahi za ku yi ciniki.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka girma, ya tsare bangon ofishinka daga harshen kowace dabba.

Taka mai biyayya, mai ladabi, mai laushin gashi,
Rahinatu, gidan da raƙuma ke tsayawa, Tanut.

Ƙari: ina cikin rubuta sunana wani ɓangare ya zubo, haske ya shigo, ga hancin raƙumi. Na rataya darduma a wurin kafin Baba ya dawo daga masallaci. In kun ji ni shiru gobe, kun san inda waya ta tafi.

To ƴan uwa, ku da kuka sayi irin injin nan, ina kuke zubar da naku? Ku faɗa min a kwamant da sauri. Amma don Allah mai dabbobi kar ya tambaye ni kwatance.