Ranar da Surukina Ya Goye Ni a Bakin Ruwan Ojo

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko na so mantawa ma waɗanda suka gani ba za su bar ni ba. Ban da masu wanki a bakin ruwa, mu biyar ne a wurin: ni, da 'yata Rabi, da mijinta (Sule ake ce masa, ni dai ban taɓa kama sunansa a gabansa ba), da ƙawata Hajiya Talatu da na jawo tun daga Agege don ta zama shaida, sai Baba Senu, wani tsoho mutumin Badagiri mai kwalekwale.

Tun da aka hana okada, wato acaɓa, a unguwanninsu mijin Rabi ya zauna babu sana'a. Kwatsam sai aka ce wai ya zama masunci. Yaron da aka haifa a Alaba Rago, ya girma a tsakanin raguna, shi ne masunci! Ni kuwa 'yar Yawuri ce, a bakin kogin Kwara aka yanke mini cibi, ubana da raga ya ciyar da mu. Na san masunci da asuba yake fita. Shi wannan yau ya fita da hantsi, jibi bayan azahar, wani makon sai la'asar. Ga shi duk damina abin da yake kawowa bai fi na miya ba. Na ce wa Rabi yawon banza yake zuwa, kuma ranar da na tabbatar, za ta haɗa kayanta ta biyo ni Agege da tsohon cikinta, har sai ya nemi aikin yi. Ta yi kuka ta ce, "Inna, wallahi ruwa yake bi." Na ce shi ruwan, agogo gare shi?

Bayan damina ta ɗauke, garin ya ɗan fara sanyi, muka hau motar danfo ni da Talatu, muka sauya a Mile 2, muka ɗauki Rabi ta nuna mana wurin. Da muka isa rana ta take. Me zan gani? Laka shimfiɗe har can nesa, ruwan ya yi tafiyarsa, kwalekwalen yana zaune a kan taɓo kamar akushi. Surukina kuwa yana kishingiɗe a inuwa shi da tsohon, suna cin gyaɗa.

Ya miƙe a rikice ya durƙusa. "Inna, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

Ban dube shi ba. Na ce wa Talatu, "Hajiya, ki gani da idonki. Jirgi a tudu, masunta a inuwa. Ƙaguwa suke kamawa da ƙafa?"

Ya ce, kansa a ƙasa, "Inna, ruwan muke jira. Yana dawowa."

Dawowa! Ruwan da na sani sau ɗaya yake cika a shekara, in ya janye kuwa sai baɗi. Shekaruna a Legas sun fi na Rabi, amma iyakata da ruwan gishiri in hango shi ta tagar mota a kan gada (wa ya aike ni?). Na ce ai sai baɗi, amma to, ni ma zan jira shi. Na tattare zanina na taka cikin lakar nan har wani ɗan tudun yashi gaba da kwalekwalen, na shimfiɗa gyalena na zauna, na ciro carbi. Baba Senu ya taso yana ɗaga hannu yana ta Yarabanci. Rabi ta ƙwala mini kira, "Inna, cewa yake ki taso, ruwa na zuwa!" Na ce ki gaya masa na girme shi a sanin ruwa.

Ba ta gabana ruwan ya zo ba, abin da ya ci ni ke nan. Ina zuba ido can nesa ina jiran in ga igiyar ruwa, ashe ya zagayo ta bayana shiru, ya cike hanyar da na bi. Sai da na ji sanyi a mazaunina na waiga. Na zabura zan koma, ƙafar dama ta lume har gwiwa, na ja ta, takalmin ya tsaya a can. Ta hagu ma ta lume. Ruwa mai sanyi kamar na randa ya kai mini cinya, zani ya manne, gyale ya kama hanyar teku. Talatu, shaidar da na ɗauko, tana bakin gaɓa tana salati tana dariya a haɗe. "Hajiya, ki tsaya mana, ai sai baɗi zai cika!"

Sai ga surukina ya ratso ruwan ya tsaya a gabana, ya juya mini baya ya duƙa. "Inna, ki yi haƙuri, ki hau."

Jama'a, ni da ko ruwa ba na sha a gaban surukina, ni ce a bayansa, na ƙanƙame wuyansa kamar jaririya, ƙafa ɗaya ba takalmi, masu wanki suna kallo. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Kwalekwalen ya fi gaɓa kusa, don haka a ciki ya sauke ni. Baba Senu ya ce ruwa ba ya jiran kowa, in sun tsaya mayar da ni yinin ya tafi. Haka aka tura jirgi da ni a tsakiya ina rawar ɗari, surukina ya rufa mini rigarsa. Yana warware raga yana yi mini bayani a hankali, ba tare da ya kalle ni ba. Wai da damina ruwan sama ke cika wurin, kifin teku ba ya shigowa. Yanzu da ruwa ya yi sanyi, gishiri ya dawo, kifi yakan biyo cikowar ruwa ya zo gefe inda rana ta ɗumama laka. Cikowar kuma kullum sai ta ƙara jinkiri, shi ya sa fitarsa ba ta da lokaci.

Ya jefa raga. Ba laifi, hannunsa ya faɗa. Da suka jawo, sai da na janye ƙafata, kifi na ta tsalle a kan zanina, farare masu ƙiba, har da jatan lande. Na dubi Rabi can bakin gaɓa ta dafa ciki tana murmushi. Maganar haɗa kaya ban ƙara tayar da ita ba, ita ma ba ta tuna mini ba.

Abin da na ɗauka a ranar shi ne, sanin ruwan garinku ba sanin ruwa ba ne, kuma in za ki je kama wani da laifi, kada ki ɗauki shaida mai dariya. Talatu ta riga ni isa Agege da labarin.

Na lura dai da abu ɗaya da su ba su iya ba: ɗanye suke sayar da kifin a bakin ruwa, ko nawa aka taya, don kada ya lalace. Washegari da safe na sa takalmin Rabi, na nemo tsohuwar ganga da waya da itace, na kafa wurin banda a bayan ɗakinsu irin na uwata a Yawuri. Na aika Rabi ta tambayo mini shi yau ƙarfe nawa ruwan zai dawo.