Ranar da Na Riga Gobarar Daji Zuwa Gidana

Bayan girbi kowa a Yankara na share ciyawar bayan gidansa da fartanya saboda gobarar daji. Ni na ce wannan wahala ce, ashana ɗaya ta isa.

Maƙwabcina Baba Sule ya leƙo ya ce, "Malam, da tsakar rana? Ga iska fa!"

Na ce, "Baba, ai ni da wuta mun saba."

Ashe ba ta san ni ba. Ta lashe ciyawar, ta haye darni, ta cinye harawar awakina tas, ni kuwa ina ta tsalle da buta. Da ƙyar maƙwabta suka ceci rumbu.

Har yau in na ɗauki ashana, sai matata ta ƙwala kira: "Baba Sule, a kawo ruwa, Malam zai yi shara!"