Ranar da na yaga wa surukina riga

Ba zan taɓa mantawa ba da walimar da aka yi a gidan su Yagana a Diffa, lokacin ina neman aurenta. Mahaifinta, Baba Mala, bai daɗe da dawowa daga Yamai ba, inda aka sa masa wata 'yar waya mai buɗe jijiyar zuciya. Ga shi kifi na tayar masa da borin jini, kuma likita ya ce in borin ya yi tsanani yana iya taɓa zuciyar, har jini ya daskare a cikin wayar. Shi ya sa aka hana shi kifi, aka haɗa da maiƙo.

Yagana ta faɗa mini wannan sau ɗaya. Ni kuwa, sarkin neman suna, na haddace kamar karatun allo.

Ana cikin cin abinci, ga miya ta sha bandar kifin Bosso, sai na hango tsohon yana tari, ido ya yi ja, hannu dafe da ƙirji. Wallahi na tsorata. Na tsallake kwanuka biyu (na uku na taka shi) ina ihu: "Kifi ne! Wayar ta toshe! A kawo mota!"

Yana ture ni yana cewa, "Kai yaro, bari, bari!" Na ce a raina ai kunya ce irin ta manya. Na kama wuyan babbar rigarsa don ya sha iska, na ja da ƙarfi. Kyat! Sai ga ƙunshin takarda ya faɗo daga aljihun ƙirji, balangu mai kitse ya watse a tabarma, jajir da yajin tattasai. Ashe yaji ne ya sarƙe shi, hannun kuma gadin ɓoyayyen namansa yake yi.

Sai matarsa, Ya Falmata, ta leƙo daga ƙofa: "Alhaji, wannan ne maganin da likita ya rubuta?" Dariya ta ɓarke, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Da muka je tambayar aure, cewa ya yi, "Ku ba Likita matarsa, ko na samu ya bar mini gida." Har yau haka yake kirana.

Gobe ma in na ga ya dafe ƙirji zan ruga, rai ba abin wasa ba ne. Amma sai na fara laluba aljihu.