Ta'aziyyar Baƙar Wayata, Wadda Ba Ta Taɓa Kai Tsegumi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da haƙuri a kan abin da ba makawa, ni Muhsin Abdulrazak na garin Bande, mai difloma a fannin lissafi, nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramar wayata baƙa mai madannai, wadda ta cika ranar Talata da hantsi bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta shigo hannuna tun ina karatu a Magarya. Ta rayu cikin tawali'u da wadatar zuci. Sharjin batiri ɗaya kan kai ta daga ranar kasuwa zuwa ta gaba. Ba ta taɓa neman ganin fuskata ko zanen yatsana ba, ba ta tambayi inda na kwana ba, ba ta da ido balle ta ɗauki hoto. Saboda gaskiya, sai in ambata cewa masu rezo, wato kamfanin layi, sun san wanda na kira. Amma daga bakinta ba a ƙara musu ko kalma ɗaya ba.

Ba za a gane girman wannan hali ba sai an tuna zamanin da ta rayu a cikinsa. Babbar waya ba ta cika aiki sai an buɗe mata asusu a wurin wani kamfani guda na ƙetare, mai tara hotuna da lambobi da sawun mai ita. Mutanenmu kuwa ba sa riƙe lambar sirri, saboda haka Maikano mai gyaran waya, cikin kyakkyawar niyya, ya buɗe wa rabin unguwarmu wayoyinsu da asusu ɗaya. Hoton kumburin ƙafar bijimin Bawa ɗan unguwarmu ya riga bijimin isa wurin dillali. Yayana Saminu ya ce wa iyalinsa ya tafi gaisuwar mutuwa Dungass, taswirar wayar matarsa ta nuna shi tsaye a filin kokawa na Yekuwa. An yi dariya, an yi wa Maikano faɗa. Ni dariyata ba ta yi nisa ba, domin na lura cewa abin da unguwa ta gani bisa kuskure, kamfanin yana ganinsa kullum bisa ƙa'ida, kuma ba na Bande kaɗai ba. Mun zuba hatsinmu duka a rumbu ɗaya, mai mabuɗin kuwa ba mu san fuskarsa ba, ba mu san inda za mu kai ƙararsa ba ranar da ya ga damar sayarwa.

A cikin wannan hali ne marigayiyar ta ɗauki amana mafi nauyi. Akwai maganar aure tsakanina da Rahina ta garin Mallawa. Mahaifinta ya sha faɗa a bainar jama'a cewa duk saurayin da sunansa ya iso kunnensa daga bakin gari kafin baffanninsa su iso zaure da goro, to ya rasa. Damina da rani marigayiyar tana kai maganata tana kawo amsa, ba wanda ya ji. In Rahina ce ke kira, sai ta yi “zizz, zizz” a aljihu, a hankali, yadda ko wanda muke cin tuwo kwano ɗaya ba zai ɗaga kai ba.

Ranar Lahadi ina taya Bawa shayar da shanu, na sunkuya, ta zame daga aljihun riga ta faɗa komin ruwa. An cire batirinta, an cusa ta cikin buhun gero kamar yadda masana suka ba da shawara. Ta farfaɗo sau ɗaya, ta haska ƴar fitilarta, ta ce “tiit”. Daga nan ba ta ƙara motsi ba.

Saminu ya miƙo mini tsohuwar babbar wayarsa don in rage zafi. Na gode masa, na mayar masa. Na auna al'amarin da kyau: in na kira Rahina da ita, lambarta za ta shiga wayoyin rabin unguwa, kafin kasuwar Mallawa ta ci, magana ta isa inda bai kamata ba; in kuwa na yi shiru, za ta ɗauka na janye. Hanya ɗaya ta rage, wadda nake ta ɗagawa sai na sami aiki. Na tafi wurin Baffa Tsoho, na durƙusa, na faɗa masa maganar Rahina da bakina. Washegari shi da sauran baffannina suka hau moto da goro sai Mallawa. Mahaifin Rahina ya daɗe yana tunani, sannan ya shaida musu cewa bai taɓa jin sunana ba ko da wasa, kuma saboda haka ya karɓa.

Marigayiyar ta bar sharja ɗaya mai ɗauri a wuya, da katin layi cikin ƙoshin lafiya, da batiri wanda ya kumbura don alhini.

Liman ya bayyana cewa ba a yi wa waya salla, kuma na amince. Za a rufe ta a cikin gwangwanin madara ranar Juma'a bayan la'asar, a ajiye ta a ƙasan akwatina. Za a karɓi gaisuwa a zaurenmu, baki da baki, a raba ragowar goron Mallawa. An tanadi ƙwarya a ƙofa domin masu manyan wayoyi su ajiye; Maikano ya nemi ya tsare ta, an ba shi haƙuri. An rubuta wannan sanarwa da hannu, ana roƙon kada a ɗauki hotonta. Ranar ɗaurin aure kuwa za a faɗa wa kowa a kunne. Kamfanin ba a gayyace shi ba. In ya ji, daga aljihun ɗayanku ne.