Shanun Baba Ari

Har gobe ban manta da ranar da na faɗi jarrabawa a bakin rijiya ba. Bayan babban farin nan ne aka koya mana a Yamai yadda za mu riƙa ba makiyaya shawara, su sayar da wasu dabbobi kafin rani su ajiye kuɗin a gidan waya. Ni aka turo ni Gure. Wata shida ina jiran takardar difilom, don in babu ita ba a tabbatar da mutum a aiki. Saura jarrabawa ɗaya: in zauna da makiyayi na gaske, Mushe Abdu mai dubawa daga Damagaram yana kallo.

Aka kai mu wata rijiya wajen Kelle, aka haɗa ni da wani dattijo, Baba Ari. Ga jama'a ana ta shayar da dabbobi. Na gyara kwat ɗina (kwat a bazarar Gure, ku ji wauta!), na karanta tambayar farko da ƙarfi don Mushe ya ji.

"Baba, shanunka nawa?"

Kowa ya juyo yana kallona. Har mai jan guga ya tsaya.

"Ɗana, ai na Allah ne," in ji shi.

"Na sani, Baba, amma nawa ne?"

"Biyu. Ɗayar ma gurguwa ce."

Biyu! Ga garke a bayansa har gindin tudu. Haushi ya turnuƙe ni. Wallahi miƙewa na yi, na nuna su da biro: ɗaya, biyu, uku... Ina kan sha bakwai tsohon nan ya ɗauki salati, ya tofa addu'a, ya kora shanunsa ko gama sha ba su yi ba. Ashe mai ƙirga dabbar mutum a gabansa, ko maye ne ko mai karɓar jangali. Kowa a wurin ya san haka sai ni ɗan birni.

Mushe Abdu ya rufe takardunsa. "Wa ya koya maka wannan?"

"Littafinku mana, Mushe! Shafi na farko!"

"Shi ya sa ba a cikin aji muke yin jarrabawar ba."

To don Allah me ya hana su rubuta hakan? Sai da na ƙara shekara cur kafin in ga difilom, kuma duk shekarar in na doso rijiya sai a fara kawar da awaki.

Yanzu dai na gane. Ka gaida makiyayi, ka sha shayinsa, ka kama bakinka. Wata rana shi da kansa zai faɗa maka adadin. Sai ka ninka sau uku a ranka, kada ko leɓenka ya motsa.