Ranar da na tuba daga halal

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa a ɗakin ordinatar, wato kwamfuta, na wata cibiyar koyon sana'a a nan Matamaye ba. Ni ne mai kula da injinan (karatuna bai yi nisa ba, hannu kawai Allah ya ba ni).

Mushe, wato malamin da ke koya wa yara rubuta firogiram, ya ce sai an saka Java, domin a kansa firogiram ɗinsu ke tafiya. Na samo shi tare da Linux wurin wani abokina, na zuba a kile, ɗan abin nan da ake soka wa inji a kwashi bayanai, na bi injinan na saka. To amma a sanina, duk lojisiyel, wato manhaja, da ba ka saya ba na sata ne. Saboda haka duk takardar lisans, wato ta izini, da na gani a ciki sai in goge ta, kamar ɓarawon akuya na share sawu. Bayan kowace salla kuma ina istigfari.

Sai ga wata Hajiya daga Damagaram, wakiliyar waɗanda suka ba mu injinan. An ce in ta ga ba daidai ba, kwashe su za a yi. Ta zauna, ta danna, ta ɗaure fuska.

"Wa ya saka wannan?"

Kafin daraktan cibiyar ya buɗe baki na zube ƙasa. "Hajiya, ni ne! Sata ce, ni kaɗai na yi. A kore ni, a bar wa yara injinansu." (Har da ƙwalla, a gaban ɗalibai.)

"Tashi, Malam, kada ka tara mini jama'a. Akwai wanda kamfani ya hana a raba, amma wannan na kowa ne. Ko ka kai shi garin Tsauni, ko Ɗan Barto, masu shi sun yarda, muddin takardar lisans na tare da shi. Ita nake nema. Ina take?"

Na ce, "Na goge."

Mushe sai da ya fita waje don dariya. Ashe kwafin halal ne, share sawun ne laifin.

Hajiya, Allah ya saka mata da alheri, ba ta kwashe komai ba. Ta ja mini kujera, muka mayar da takardar, tana fassara mini ita da Hausa.

Yanzu kafin in tuba, sai na fara karantawa in san wane zunubi na yi.